Bututun Da Ya Ƙi Yin Zufa

Tun kafin mutanen Zariya su san hanyar gidanmu akwai abin da yake cin raina. Duk ranar kasuwar Hunkuyi, Inna, mahaifiyar maigidana, takan fita da tulu shida da randa biyu a amalanke, da la'asar ta dawo da tulu huɗu da randunan nan biyu. In na tambaye ta sai ta ce, "'Yar nan, roba ta cinye mu. Kowa jarka, kowa bokiti." Ni kuwa ga Ummi a bayana, ga yayarta tana riƙe da zanina. Ban iya ɗinki ba, ban iya awo ba, karatuna bai wuce aji huɗu ba. Ginin tukwane kaɗai na iya. Sai in zauna ina kwaɓa yumɓu ina tunanin ko a hannuna sana'ar nan za ta ƙare.

Ku 'yan matan unguwa da kuke leƙowa ta katanga kuna cewa Maman Ummi tana wasan ƙasa, ku nake so ku karanta wannan, ko a karanta muku. Ban girme ku da yawa ba, amma hannuna ya girmi naku. Ina 'yar shekara bakwai aka kai ni wurin kakata Iya a Kurmin Kogi, kuma shekara biyu cur ban gina ko murfin tukunya ba. Aikina in ɗebo yumɓu a ramin bakin fadama, in shanya, in daka, in tankaɗe, in tsince tsakuwa ɗaya bayan ɗaya. Tsakuwa guda kamar ƙwayar gero in ta ɓuya a jikin tukunya, ranar gashi za ki ji tau a cikin wuta, ta fashe, ta kuma fasa maƙwabtanta. Iya ba ta duka. Sai dai ta ɗauko tsingaron ta ajiye miki kusa da kwanon tuwonki.

Kaskon farko da ta bari na gina ya fito baki a karkace kamar yana zumɓura. Ranar ta miƙo mini ƙwaryar kayan aiki. Ba su da yawa: dundunge, wato dunƙulen gasasshen yumɓu da ake tokarawa daga ciki, da matadi, ɗan katakon da ake bugawa daga waje, da tsumman gyaran baki, da guntun sakaina na kankara, sai igiyar 'ya'yan kuka ta guga. Hannu biyu suke aiki, ɗaya a ciki ɗaya a waje, ba sa ganin juna amma dole su haɗu a wuri ɗaya. In suka saɓa, jikin tukunya zai yi kauri a nan ya yi siriri a can, wuta kuwa ba ta rufa wa kowa asiri.

A wurin Iya na ji cewa tukwane iri biyu ne a duniya, mai riƙewa da mai zufa. Randa mai zufa ce. Ana sa wa yumɓunta ƙaiƙayin gero, in wuta ta cinye ƙaiƙayin sai ya bar 'yan ƙofofin da ido ba ya gani, ruwa ya riƙa naso ta jikinta, iska ta buga, na ciki ya yi sanyi. Ba a goge randa, sai dai wuyanta don ado. Amma tulun ɗaukar ruwa, da kwatarniya, da indararon da ake sawa a kan soro, waɗannan masu riƙewa ne. Kafin su gama bushewa ake bin su da igiyar 'ya'yan kuka har sai sun yi ƙyalli, in an fito da su daga wuta da zafinsu a yayyafa musu ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa. Indararon da ya yi naso, katangar mutane zai cinye, kuma sunanki za a kira.

Mummunar shekarata ita ce wadda na haifi ta fari, bayan an kawo ni nan ƙasar Kudan. Wata biyu ina gini da tsohon ciki, na tara kaya masu yawa. Muka jera su a bayan gari, muka lulluɓe da kara da ciyawa da kashin shanu, muka sa wuta da la'asar. Wuta ta kama sosai ke nan sai hadari ya taso daga gabas, ruwan farko, tun lokacinsa bai yi ba. Muna tsaye muna jin suna fashewa ɗaya bayan ɗaya. Washegari ni da Inna muka kwashe tsingaro a buhu. Ko asusu guda bai tsira ba. Na faɗi wannan ne don ku san na san asara tun kafin abin da zan ba ku labari.

Aikin bututu ya zo ne lokacin da ake dashen tumatir na rani. Wata farar mota ta tsaya a ƙofar gida, mutum uku suka fito, daga wata babbar makaranta a Zariya aka ce. Maza biyu suka zauna a zaure da maigidana. Daga baya na san sunansu: Dakta Shehu, mai aune-aune, da Malam Nuhu, mai zana gini a takarda kafin a gina. Gidanmu ba a shiga, don haka muryoyinsu kawai nake ji sama-sama. Can sai maigidan ya shigo da takarda a hannu. An zana wani abu dogo mai rami a tsakiya, tsawon kamu ɗaya da rabi, an kewaye shi da lambobi da 'yan kibiyoyi.

Na ce, "Malam, wannan fa mene ne?"

Ya juya takardar sama, ya juya ta ƙasa. Ya ce, "Kamar indararo ne dai. Ruwa ne zai shiga ciki."

"Na gidan wa?"

"Ke dai ki gina. Uku suke so nan da mako guda, su gani."

Ta ukun cikinsu mace ce, ita ta shigo. Anti Rahila, Kirista daga kudancin Kaduna, doguwa, da fensir soke a ɗankwali da wani babban littafi marar layi. Ta durƙusa ta gaida Inna har ƙasa, ta ce aikinta zane ne, tana roƙon a bar ta ta riƙa zuwa tana zana yadda nake aiki. Maigidan ya ce ban da fuska. Ta ce dama hannu take nema.

Makon nan Ummi tana fama da zazzaɓi. Na ɗebi sauran yumɓun randa da na kwaɓa, na naɗa shi a jikin taɓarya, na zare, na gyara baki, uku suka fito. Ban goge ba, ban sa makuba ba, hankalina yana kan yarinya. Da aka fito da su daga wuta jikinsu kaca-kaca kamar bayan kada. Kunya ta hana ni kallon Anti Rahila lokacin da take naɗe su a tsumma. Na ce a raina ba za su dawo ba.

Suka dawo. Maigidan ya shigo bakinsa har kunne, ya ce Dakta ya gwada su ya ce ba su taɓa samun irinsu ba, ɗari biyu suke so. Saƙon Dakta guda ne, ya nanata shi sau uku: yumɓun nan dai, haɗin nan dai, tsawon nan dai, kada a canza komai. Abin ya ɗaure mini kai. Mutanen da suka yi karatu har suka ƙure shi, su ga wannan ƙazamin aiki su ce ya yi? Na ce wataƙila kara suke yi mini. Na ƙudura a raina wannan karon zan nuna musu jikar wace ce ni.

Anti Rahila takan zo sau uku a mako, ta shimfiɗa buhu kusa da ni ta zauna tana zane. Ban gane amfanin zamanta ba. Wata rana na ce, "Anti, ba ki da waya ne? Ki ɗauki hoto mana ki huta."

Ta ce, "Maman Ummi, waya komai take ɗauka, har kajin Inna. Ni sai na gane abin da yatsanki yake yi kafin in iya zana shi."

Inna tana gefe tana ɓarar gyaɗa, ta ce, "Ke 'yar nan, wai da gaske biyanki ake yi ki zauna kina zane kamar 'yar firamare?"

"Da gaske, Inna."

"To ki kai sunana. Ni ma na iya zama."

Na taɓa tambayarta me za a yi da bututun. Ta ce ɗaki za a gina na ajiye tumatir, don ya daina ruɓewa kafin a samu mai saye. Na yi lissafi a raina. Ɗaki guda da indararo ɗari biyu? Ko masallacin Juma'a bai kai haka ba. Amma na ce tumatir ba ya son laima, wataƙila shi ya sa. Na so in ƙara tambaya, sai na ji nauyi, kada ta ce maigidana bai iya kawo saƙo ba. Ita kuma, kamar yadda ta faɗa mini daga baya, ta ɗauka an yi mini bayani tun ranar farko.

Shi Malam Nuhu labarinsa a bakin maigidan nake ji. A gefen gonarmu za a yi ɗakin. Ya kafa gora huɗu ya ɗaura musu tsumma, ya kwana uku yana zuwa yana zama a gindin mangwaro yana kallon inda tsumman yake kaɗawa. Ya bi tsofaffin Hunkuyi yana tambayarsu ta ina iskar bazara take zuwa da azahar, ta ina take zuwa da yamma. Ya je ya tsaya a gaban wani tsohon rumbu yana auna yadda jinkarsa ta sauko. Mutanen gari suka sa masa suna Mai Gadin Iska. Dakta kuwa wasu 'yan na'urori yake ratayawa kamar layu, ya dawo ya karanta su. Na rasa yadda aka yi waɗannan mutum uku suke aiki ɗaya. Wannan yana awo, wancan yana kallon tsumma, ita kuma tana zana hannuna.

Bututu ɗari biyu sun ci mini mako shida. Ban canza yumɓu ba, ban canza ƙaiƙayi ba, na yanki kara daidai tsawon na farko ina gwadawa. Sai dai kowane ɗaya, in ya sha iska ya yi taurin sabulu, sai in ɗauko igiyar 'ya'yan kuka ta Iya in bi shi ciki da waje. A wurina wannan ba canji ba ne, ƙarasa aiki ne, kamar yadda ba a cewa an canza tuwo don an kwashe shi a malmala. Yatsuna suka yi kanta, kafaɗata ta riƙe. Na mirgina totuwar masara a bakin kowanne don ado. Ranar gashi Inna ta dafa makuba tukunya biyu, muna fito da su muna yayyafawa suna ƙarar cuu. Suka fito jajaye da ratsin baƙi, suna ƙyalli kamar dabino. In ka ƙwanƙwasa ɗaya sai ya amsa kamar ƙararrawa. Tun da nake ban taɓa aiki mai kyan wannan ba. Anti Rahila ta ɓata takarda biyar a kan gugar nan kaɗai, ta ce hannuna yana tafiya kamar mai jan carbi.

Aka kwashe su a amalanke, aka gina ɗaki. Tumatir ya nuna, kasuwa ta cika har ana zubarwa a bakin titi. Maigidana ya sa kwando goma na gonarsa a ciki, maƙwabta biyu ma suka sa nasu don sun yarda da shi. Bayan kwana kaɗan ya shigo gida ya zauna a bakin rijiya. Na kai masa ruwa. Ya ce, "Ya ruɓe. Kamar wanda aka bari a rana."

Daga nan magana ta fara yawo. A wurin ɗiban ruwa aka ce yumɓun Kudan ne ba shi da kyau. A majalisa aka ce dama wa ya aiki mutanen boko su ba mace aiki. Dakta ya ce Malam Nuhu ya juya wa iska baya. Malam Nuhu ya ce iska tana shiga yadda ya zana, a binciki yumɓu. Aka ɗebi yumɓuna aka kai Zariya, aka dawo aka ce shi ne dai na farko. Ni ina cikin gida ban ma san me ake so bututun ya yi ba, balle in san me ya kasa yi. Na ɗauka yoyo suke, na ce a kawo mini wanda ya tsage in gani. Aka ce babu wanda ya tsage. To mene ne laifinsu?

Ranar Talata maigidan ya kawo hukunci. Alhamis za su zo su rushe bangon, su kai aikin kamfanin bulo, kuma Dakta zai rubuta a takardarsu cewa ginin hannu ba abin dogaro ba ne, yau ya yi gobe ya ƙi. Wannan rubutun ya fi rushewar tayar mini da hankali. Takarda tana zuwa inda ƙafata ba za ta je ba. Ba ni kaɗai za ta kashe wa kasuwa ba, har da duk mai dundunge daga nan zuwa Ikara.

Laraba da hantsi Anti Rahila ta shigo, ko gaisuwar kirki ba ta tsaya yi ba. Ta yage takardun littafinta ta jera su a tabarma layi biyu. Layin sama na makon da na gina ukun farko, layin ƙasa na ɗari biyun. Ta ce kwana biyu tana jera su a ɗakinta tana kallo. Ga kwaɓi sama, ga kwaɓi ƙasa. Ga taɓarya, ga taɓarya. Ga gyaran baki, ga gyaran baki. Sai layin sama ya ƙare a wuta, na ƙasa kuwa yana da takarda shida da ba su da 'yan'uwa a sama, biyar na guga, ɗaya ta makuba.

Ta ɗora yatsa a kan ɗaya. "Maman Ummi, nan me kike yi?"

"Guga."

"Na farkon fa?"

Na sunkuyar da kai. "Ki yi haƙuri, Anti, lokacin Ummi ba lafiya. Ban samu na ƙarasa su ba."

"Ba faɗa nake ba. Gugar, ban da kyau, me take yi?"

"Tana toshe jikinsa mana. Ita da makuba. Don kada ruwa ya yi naso."

Ta ɗora hannu biyu a ka. Ta ce, "Wayyo Allahna." Sai ta ja wata takarda ta zana mini ɗakin a gabana, karo na farko da wani ya nuna mini shi. Bututun ba a kan rufi suke ba. A tsaye aka jera su a bangon da iska take bugawa, da 'yar tazara a tsakaninsu, an toshe gindinsu, ana cika su da ruwa daga wani tanki. So ake su jiƙe su yi ta naso, iska ta ratsa tsakaninsu ta shiga ɗaki da sanyi.

Na ce, "Randa?"

Ta ce, "Randa."

"Randa kuke so, shi ne aka ce mini indararo?"

Inna ta ajiye tsintsiya. Ta ce, "La'ilaha illallahu. Duk motar nan da takardun nan, ashe randa aka zo nema daga Zariya? Ai da ni kuka tambaya, ga biyu can sun ƙi sayuwa."

Ban yi dariya ba. Abin da kowace yarinya a Kurmin Kogi ta sani tun ba ta iya ɗaura zani ba, shi na zauna mako shida ina kashewa da hannuna. Kuma in na faɗi gaskiya gobe, dole a tambayi wa ya ce indararo, a gaban mutanen da tumatirinsu ya ruɓe.

Alhamis maigidan ya yarda na je, ni da Inna. Ranar na fara ganin ɗakin: jinka mai saukowa ƙasa-ƙasa, bango uku na tubali, na huɗun kuwa bututuna ne a jere suna ƙyalli, a bushe ƙamas kamar ba ruwa a cikinsu. Magina biyu suna tsaye da diga. Anti Rahila ta roƙi Dakta ya dakata. Ta fito da ɗaya daga cikin ukun farko da ta taho da shi daga Zariya, ta sa aka ciro ɗaya daga bango. Na toshe gindinsu da ɗanyen yumɓu, muka cika su da ruwa, muka jingine a inuwa. Kafin ta gama jera takardunta a ƙasa tana danne su da duwatsu, mummunan ya yi duhu, ya fara zufa. Mai kyan yana nan yadda yake.

Dakta ya taɓa wannan, ya taɓa wancan. Ya tsuguna ya daɗe a kan takardun. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Malama, wa ya ce ki goge su?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba wanda ya ce in goge. Ba kuma wanda ya ce kada in goge. Ni na ɗauka indararo ne."

"Na ce kada a canza komai."

"Ban canza ba. Ƙarasawa na yi."

Sai maigidana ya yi gyaran murya. Ya ce, "Dakta, ni na ce mata indararo ne. Kun yi bayani a zaure, rabi da Turanci, na ji ruwa na ji bututu, na ji kunyar in ce ban gane ba." Ɗaya daga cikin maƙwabtan ya ce, "Kai Malam, kunyarka ta ci mini kwando huɗu." Aka yi dariya, har shi.

Malam Nuhu bai yi dariya ba. Ya zaro takardar da aka fara kawo mini, ya kalle ta. Ya ce, "Na rubuta tsawo, na rubuta faɗi, na rubuta kauri. Ban rubuta zufa ba, ita ce kuwa aikin gaba ɗaya." Dakta ya ce shi ma na'urarsa ta faɗa masa ɗaki bai yi sanyi ba, amma ba ta faɗa masa dalili ba. Ya dubi Anti Rahila ya ce, "Ashe dalilin yana cikin jakarki." Ta ce, "Ni ma ban san shi ba ne. Don ya yi mini kyau na zana."

Daga nan sai abin ya juye, ni ake tambaya. Dakta ya ce in ana so ya fi haka zufa fa? Na ce a ƙara ƙaiƙayi, amma in ya yi yawa zai karye a amalanke, kuma kada wuta ta yi masa yawa, don wuta ma tana toshewa. Ya ce ƙaiƙayi nawa? Na nuna masa da tafin hannuna. Ya ce a'a, a mudu. Na ce ban taɓa aunawa ba, hannu ne yake ji. Ya sa aka kawo ƙaiƙayi na ɗiba sau biyar yana aunawa, yana mamakin yadda duk suka zo kusan ɗaya. Malam Nuhu ya ce ko za a iya rage kauri? Na ce a tsakiya za a iya, ban da baki da gindi. Ya ɗora takarda a gwiwa ya sake zane nan take. Anti Rahila ta karɓa ta ƙara nata a gefe: hannu yana ɗibar ƙaiƙayi, hannu yana naɗi a taɓarya, sai hannu riƙe da igiyar 'ya'yan kuka an ja masa layi biyu an soke shi. Wannan takardar na iya karanta ta. Magina suka mayar da digarsu mota.

Gini na biyu a tsakiyar zafin bazara na yi shi, ina sauri don tumatir ya kusa ƙarewa. Wahalarsa ba ginin ba ce, barin su haka. In na ga sun sha iska sai hannuna ya tafi neman igiya da kansa, har Inna ta ɗauke ta ta kulle a akwatinta. Suka fito munana, masu kaushi, kamar aikin 'yar koyo. Aka jera su, aka cika tanki. Ranar da na koma da azahar, rana tana dukan ƙeya, na sa ƙafa a ɗakin sai na ji kamar na leƙa kaina a cikin randa. Bango yana ta zufa, iska tana shigowa da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ummi da take ta kuka a hanya ta yi shiru a bayana. Tumatirin ƙarshe da aka sa ya daɗe fiye da na waje, kwana nawa ne, wannan Dakta ne ya ƙirga. Ya aiko a faɗa mini bai rubuta waccan magana ba.

Har yanzu akwai abubuwan da ban gane ba. Aikin da na fi kowanne iyawa shi ya ɓata ɗaki, wanda nake jin kunyarsa shi ake zuwa kallo daga Makarfi. Masu ƙyallin suna jibge a bayan ɗakina, Inna tana fita da su bibbiyu tana sayarwa a matsayin indararo, kuma ba wanda ya dawo da ƙara. An ce za a gina irin ɗakin a wani gari, Furana, an ce sai an samu amincewar wasu manya, ban san su waye ba. Na tambayi Anti Rahila a cikinsu ukun wane ne ainihin mai binciken, ta ce mu huɗu ne, har da ni. Ban san ko zolaya take ba. Ni dai na san mai awo bai gano ba sai da mai zane ta jera takardunta, ita ma ba ta gano ba sai da ta tambaye ni, ni kuma da amsar a hannuna tun ina yarinya, amma ban san ana nemanta ba.

Roƙona ga duk wanda wannan ya isa gare shi guda ne, ɗan makaranta ne kai ko magini ko mai sayen tukunya. In za ka kawo wa mai aikin hannu aiki, kada ka tsaya a tsawo da faɗi. Ka faɗi abin da kake so abin ya yi. In mace ce a cikin gida, ka zo da mace ta shiga ta faɗa mata baki da baki, ta kuma tsaya har sai an maimaita mata abin da aka ji.